Allurar Shanun da Ban Taɓa Gani Ba

Ina sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da mai gadin benenmu na unguwar Cheras. Shi saukowarsa ke nan daga aikin dare, ko runtsawa bai yi ba. Ni ma ban runtsa ba, amma ni tsoro ne ya hana ni. Na ɗaura takunkumi biyu a fuska, na cika aljihu da man wanke hannu, na sa fasfo a aljihun gaba inda zan riƙa jin sa a ƙirjina. Abokin ɗakina ya leƙo daga cikin bargo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Guy, wai da gaske fita za ka yi? Mutane suna mutuwa, kai za ka je neman maganin saniya. Saniyar ma ba ta ƙasar nan ba. You no well lah, kanka ba daidai yake ba." A raina na san yana da gaskiya, amma na fice.

Masu bibiyata sun san likitan dabbobi ne ni a takarda, na zo Malesiya ƙarin karatu, kuma a gidan masu kiwon turke na tashi. Abin da ba su sani ba shi ne yadda zaman kullen korona ya haɗa ni da mai gadinmu. Mutumin Nepal ne, daga can ƙololuwar duwatsu, ya girme ni da kusan shekara goma. Ina kiran sa Dai, wato yaya a yarensu, shi kuma yana kira na Dokta. Wata rana na sauko karɓar abincin da na yi oda, sai ya tare ni ya miƙo mini wayarsa. Hotunan wasu shanu ne gajeru masu gashi har ƙasa, ana ce musu yak. Matarsa ce ke kiwon su ita kaɗai tun da ya taho ci-rani. Nononsu suke sha, gashinsu suke saƙawa, su ke ɗaukar musu kaya a hanyar da mota ba ta zuwa. Da ya matsa hoto na gaba sai na ƙura ido. An buɗe gashin gadon bayan wata, fatar duk ƙuraje manya manya kamar an jera goro a ƙarƙashinta, kowanne da ɗan rami a tsakiya. A wani hoton yatsun matar sun matse ɗaya, tsutsa fara mai kauri ta leƙo.

Na san cutar a littafi, ban taɓa ganin ta a dabba ba. Wani ƙuda ne mai gashi, yana kama da zuma. Idan zafi ya shigo sai ya bi dabbar ya manna ƙwansa a gashin ƙafafunta. Dai ya ce da yak sun ji kukansa sai su ɗaga wutsiya su zura a guje, kuma a dutse guje-guje ba wasa ba ne, bara ɗan maraƙi ya faɗa musu kwazazzabo. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa, tsutsar ta huda fata ta shige, ta yi watanni tana tafiya a cikin nama, wata ta bi ta maƙogwaro, wata ta gefen laka, har su taru a gadon baya. Kafin su fito dabba ta rame, nono ya ƙafe, fata ta zama rariya. Maganinsa allura ce ɗaya, irin wadda muke yi wa shanun turke don tsutsa da ƙaiƙayi, amma tana da lokacinta. Sai ƙudan ya ɗauke da sanyin farko, kuma kafin sanyi ya yi nisa. In aka makara tsutsar ta isa gefen laka, allurar za ta kashe ta a can, dabbar ta shanye ko cikinta ya kumbura ta mutu. Bara ma'aikacin da ke hawowa yi musu bai zo ba saboda korona, bana ma an ce kada su sa rai. Dai ya ce garken ba zai iya ɗaukar shekara ta biyu ba.

Matsalar ita ce maganin ya yi ɓatan dabo. Jita-jita ta zaga duniya cewa yana maganin korona, mutane suka bi shagunan dabbobi suka kwashe suna sha. Matar Dai ta sauko har kasuwar gundumarsu ta koma hannu rabbana. Sai ga wani ɗan ƙauyensu ya sami gurbi a jirgin da ke mayar da ma'aikata gida. Washegari da safe za a yi masa gwaji a killace shi har ranar tashi, don haka in ba a ranar muka damƙa masa kwalbar ba, shi ke nan. Dai bai so ya bi ni ba. Fasfonsa yana hannun kamfanin da ya kawo shi, kamar na yawancinsu, shi kwafin fasfon kawai yake yawo da shi a leda. Ni na matsa masa, saboda duk Malay ɗina bai wuce makan da tapau ba, wato ci da ƙunshe abinci, shi kuwa yana jin sa kamar ɗan gari.

Jirgin ƙasa na MRT ya zo fayau, tarago guda mu huɗu. Kowa ya zauna nesa da kowa yana harare-harare. Wani dattijo ɗan Sin ya yi tari sau ɗaya, ai kuwa sai ga mu duka mun koma ƙarshen tarago, har da shi kansa ya matsa kamar zai guje wa tarin. Daga sama ina kallon benayen Cheras suna wucewa, a tagogi da dama an rataye farin ƙyalle, alamar gidan ba abinci. Na daɗe ina ganin su a waya, amma ganin ido daban ne. Motar asibiti biyu suka wuce a titin ƙasa ba jiniya, don babu wanda za su ce wa ya kauce. Muka sauka a tashar Bukit Bintang muka hau ɗan jirgin nan mai tafiya a kan siraɗi ɗaya. A kowace ƙofa sai an ɗora maka na'urar auna zafi a goshi, kuma duk lokacin sai gabana ya faɗi, don ni da kaina ina jin jikina ya yi ɗumi.

Shawarar zuwa kasuwar Chow Kit tawa ce, kuma da ƙarfin gwiwa na kawo ta. A wurinmu, duk inda aka ce kasuwar nama, to kara tana bayanta, kuma a bakin kara ba ka rasa mai tabarma ya baza kwalabe da sirinji da gishirin lasa. Tun ina yaro haka na sani a Wudil. Don haka na ce wa Dai ya kwantar da hankalinsa, inda mahauta suke nan magani yake. Ya dube ni, ya ce Chow Kit wurin kame ne, ba a daɗe ba aka zagaye wasu layuka da waya mai ƙaya aka kwashi baƙi. Na ce minti kaɗan za mu yi.

Rabin kasuwar a rufe take. Ƙasa jiƙe sharkaf, ƙarnin kifi ya ratsa takunkumi biyun nan kamar babu su. Barkono ya yi tsada har mai sayarwa tana ba ka haƙuri kafin ta faɗi kuɗin. Na ja Dai muka zaga bayan layin mahauta ina neman kara, ina baza hanci ko zan ji warin kashin shanu. Abin da muka tarar motar sanyi ce ana sauke kwalaye. Naman ɓauna ne daskararre daga Indiya, an yanka shi watanni da suka wuce. Duk faɗin kasuwar nan ba dabba mai numfashi sai kifin tarwada a baho da kyanwoyi. Kunya ta kama ni, amma na dake, muka fara bin teburi ɗaya ɗaya Dai yana tambaya. Da ya ambaci sunan maganin sai fuskoki su canza. Wani ya kaɗa hannu ya ce mu matsa, wani ya yi ƙasa da murya ya ce yana da ƙwayoyi na mutane in muna so, ba tambari ba komai, a ƙulle a leda.

Muna cikin haka sai wani ya yi ihu daga bakin titi. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga aikinsa. Masu dako suka zubar da kwanduna, masu fere albasa suka watsar da wuƙaƙe, kowa ya ranta a na kare. Na juya ban ga Dai ba. Wallahi a wannan lokacin na tsaya riƙe da aljihun fasfo kamar mai rantsuwa. Sai na ji an ja rigata ta baya. Wani tsohon mahauci ne Bamalaye mai farin gemu, ya nuna mini ƙarƙashin teburinsa da haɓa. Dai na tsugune a can tsakanin bokitin ƙashi da ƙugiyoyi, mutumin da ko kallon yanka ba ya iya yi, jini yana ɗiga kusa da takalminsa. Ashe ma ba kame ba ne, motar masu feshin magani ce ta tsaya. Sai da aka jima mutane suka fara dawowa suna tsintar albasarsu, ba mai dariya.

Tsohon, wanda za mu riƙa kira Pakcik kamar yadda ake kiran duk sa'an uba a nan, ya zuba mana shayi daga fulas ya tambayi abin da ya kawo mu. Da Dai ya gama bayani sai tsohon ya yi dariya har takunkuminsa ya zame. Ya ce rabon da a ga saniya a tsaye a Chow Kit tun yana saurayi. Amma ya ce shi yana sayar da naman akuya sabo, kuma a ranar zai je ɗauko awaki a wata gona a Hulu Langat, da kansa, don yaransa biyu suna kwance. Mai gonar tana ajiye irin wannan allura. Hulu Langat wata gunduma ce, kuma an hana tsallaka gunduma sai da izini. Motarsa tana da izinin kayan abinci, mu ba mu da komai. Na dubi Dai ina fatan ya ce a haƙura. Ya ce, "Boleh, zai yiwu, Dokta. Mu je."

Ƙaramar motar ɗaukar kaya ce mai kejin ƙarfe a baya. Doka ta ce mutum biyu a gaba. Na ce ni zan hau baya, ai mu a gida a saman tirela ake raka shanu har kudu, kuma na taɓa yi sau ɗaya. Pakcik ya girgiza kai, ya ce baƙar fata a bayan mota daga nesa za a hango shi, gara in zauna gaba da fasfona na ɗalibi, shi kuwa Dai in ya ja hula zai wuce a matsayin yaron mota. Haka muka bi ta titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, shagunan yadi duk a garƙame, gumakan tallan kaya suna tsaye a bayan gilashi da kayan sallar da ba a saya ba. A shingen fita gari layin motoci ya yi tsawo. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Jami'in ya dubi takardar da ke manne a gilashi, ya dubi kejin, ya ɗaga mana hannu. Sai da muka yi nisa na lura na jiƙe kujerar Pakcik da gumi.

Daga nan hanya ta fara hawa tana lanƙwasa. Shekara biyu ina Cheras ban san akwai irin wannan daji a bayan gidanmu ba. Kore shar ko'ina, rafi yana bin gefen titi, birai a zaune kan wayar lantarki suna kallon mu kamar masu karɓar haraji. Ƙarshen kakar duriyan ne, 'ya'yan itacen nan mai ƙaya da wari, an tara shi a rumfuna ba masu saye, farashin ya faɗi har Pakcik yana tsaki don tausayi. Masallatan ƙauyuka a kulle. A ƙofar wani gida mun ga an kafa rumfa ba kowa a ƙarƙashinta, Pakcik ya rage gudu ya yi salati, ya ce gidan rasuwa ne, yanzu ba a zaman makoki. Na leƙa ta madubi na ga Dai ya cire hula, ya ɗaga fuska yana kallon tsaunuka.

Mai gonar tsohuwa ce gajeruwa, da takalmin roba har gwiwa da sanda a hannu. Daga nesa ta tsayar da mu, ta ce kowa ya tsaya inda yake. Da ta ji abin da muke nema sai ta ɗaure fuska. Ta ce ba ranar da mutanen birni ba sa zuwa mata a manyan motoci, kowa da labarin akuyarsa, in ka tambaye shi akuyar mace ce ko namiji sai ya fara inda-inda. Ta ce wani maƙwabcinta ya samo a wani wuri ya sha, sai da aka kwantar da shi, ita ba za ta ɗauki alhakin ran kowa ba. Na ciro katin makaranta na ce ni likitan dabbobi ne. Ta ce likitoci ma sun zo. Pakcik ya sa baki, ta ce shi ya ɗauki awakinsa ya bar ta. Na ga abin ya ƙare, har na fara lissafin hanyar komawa da shingen da ke jiran mu a banza.

Dai bai roƙe ta ba. Ya ajiye wayarsa a kan wani kututture ya ja da baya, ya ce Makcik, wato inna, ta duba kawai. Ta ɗauka da gefen zaninta, ta nisanta ta da ido. Ta daɗe a kan hoton gadon bayan nan. Ta tambaya wace irin dabba ce wannan, wa ke kula da su, su nawa ne. Ya ce matarsa ce, ya faɗi sunayen shanun ɗaya bayan ɗaya, har da wadda aka ba su ranar aure. Ta tambaya ita kaɗai take matse tsutsar, ya ce ita kaɗai, da yatsa, a cikin ƙanƙara. Tsohuwar ta ce, "Kesian," kalmar da suke faɗa in tausayi ya kama su. Ta shiga ɗaki ta fito da kwalba sabuwa ba a fasa ba, da sirinji da allurai a leda. Ta ce ita ce ta ƙarshe, awakinta sa yi maneji da ragowar tsohuwar. Kuɗin da ta saya ta karɓa, ba ta ɗora ko sisi ba. Amma sai da ta sa ni na ce wallahi ba bakin ɗan Adam za ta shiga ba.

Ta ba mu shinkafa da soyayyen kifi da wani yaji mai tsami, kowa ya ci a gindin bishiyarsa. Na yi azahar a kan buhu. Bayan nan na zaunar da Dai muka yi abin da ya fi muhimmanci. Ina faɗa yana juyawa da yarensu a saƙon murya: yadda za ta ƙiyasta nauyin kowace, inda za ta tsaya a jikin sirinji, ta kama fatar wuya ta ɗaga ta soka a ƙarƙashinta ba cikin nama ba, waɗanda ake tatsa a bar wa 'ya'yansu nonon na wasu makonni. Na sa ya maimaita maganar lokaci har sau uku, in sanyi ya riga ya yi nisa kafin kwalbar ta iso, to ta ajiye ta kada ta taɓa ko ɗaya. A ƙarshe ya ƙara wata magana tasa ya yi dariya, ban tambaye shi ba. Saƙon bai isa gare ta ba, ya ce sai ranar da ta hau tudun da ake samun sabis. Tun da na san shi ban taɓa ganin haƙoransa a waje haka ba.

Aka loda awaki shida. Hadari ya haɗo, don haka Dai ya miƙo mini jakar maganin ya ce in ajiye a gaba kada ta jiƙe. Ruwan ya sauko tun kafin mu bar tsaunuka, irin na ƙasar nan mai kamar ana juye baho. Ina jin awaki suna kuka, ina hango shi ya rungume wata da ta zame don kada a tattake ta. Da muka iso shingen shiga gari sai na ga an canza mutane, kuma an ƙara wata babbar mota mai raga a gefe. Jami'in da ya zo mana ya jiƙe, idanunsa sun yi ja don gajiya. Ya karɓi fasfona ya daɗe yana juya shi, ya tambayi me ɗalibi yake yi a motar awaki. Pakcik ya ce likitan dabbobi ne, ya raka shi duba kaya. Jami'in ya ce nan gaba in nemi izini, tarar ba kaɗan ba ce, ya miƙo mini. Har na fara sauke numfashi, sai wata akuya ta ƙwala kuka, ya zaga baya.

Ta madubi na ga komai. Dai ya sauko, ya ciro ledarsa, ya miƙa kwafin fasfon da hannu biyu. Jami'in ya duba ya girgiza kai. Ba ihu, ba duka, ba zagi. Na kai hannu zan buɗe ƙofa, Pakcik ya damƙe gwiwata ya ce in na fita za a binciki jakar da ke ƙafata, kuma ba wanda zai yarda maganin shanun dutse ne. Na zauna. Ina so in ce don kwalbar na zauna, kuma akwai hakan, amma tsoro ma ya danne ni. Da za a wuce da shi ta gefen tagata sai ya jefo wayarsa kan cinyata ya ce, "Lambar mutumin tana sama, Dokta. Yau ɗin nan." Jami'in ya ce wa Pakcik a gaya wa kamfanin su kawo fasfo na asali. Na ga an taimaka masa ya hau motar ragar, akwai mutane a ciki sun kai goma, gwiwa na gugar gwiwa, wasu takunkuminsu a haɓa.

Ban san yadda muka iso Chow Kit ba. Pakcik ya ƙi karɓar kuɗin mai, ya dafa kafaɗata da hannun da ke warin akuya ya ce in yi sauri. Na kira lambar, mutumin ya kwatanta mini wani bene a saman shagon yadi a Jalan Tuanku Abdul Rahman. Matakalar duhu, ɗakin kuwa katifu ne jere har bakin ƙofa, an shanya kaya a igiya, tari yana tashi daga lungu biyu. Na tsaya a waje na riƙe numfashi. Ɗan ƙauyen nasu ya fito, na gaya masa abin da ya faru da guntun Turanci, ya dafe kai ya tsuguna. Kafin in ankara mutanen ɗakin sun gane abin da ke hannuna. Suka taso. Wani ya kawo cokali, yana nuna abokinsa da ke kwance, yana cewa kaɗan kawai. Na ce na dabbobi ne, yana iya kashe mutum, asibiti za a kai shi. Wani mai furfura daga kan katifa ya yi magana, aka fassara mini: wai a garin nan su da dabbobin wa ya fi wani. Na karɓi salatif na naɗe murfin kwalbar na naɗe na ƙara naɗewa, mutumin ya cusa ta cikin safa ya sa a tukunyar dafa shinkafa da zai kai wa uwarsa tsaraba, ya kulle akwati ya zauna a kai. Na sauko ina jin idanunsu a bayana.

Ana kiran magariba na iso Cheras. Na yi wanka da ruwan zafi, na ƙulle kayan jikina a leda, abokin ɗakina ya kwashe katifarsa ya koma falo. Na kira kamfanin masu gadin, wani ya ce ofis a rufe yake, mai riƙe da makullin akwatin fasfo yana killace, amma za su duba. Kullum sai na kira, kullum za su duba. Ɗan ƙauyen ya tsallake gwaji, ya turo mini hoton akwatinsa a filin jirgi, ya ce kwalbar tana nan da salatif ɗinta. Ni kuma duk safiya sai na shinshina sabulu in ji ko hancina yana aiki.

In an tambaye ni abin da na koyo a wannan tafiya, na farko dai Chow Kit ba Wudil ba ce. Na biyu, ni da nake ta ɗaura takunkumi biyu ina ganin ni ne cikin haɗari, ashe a motar nan ni ne mai sulke, ɗan littafi kore a aljihu. Shekara biyu ina wuce mutumin nan a ƙofa da sallama, ban taɓa tunanin fita titi kawai caca ce a wurinsa ba, kuma ni na ce ya taso ya yi mini tafinta.

Jiya da la'asar wayarsa ta yi ƙara a kan teburina. Kiran bidiyo ne. Na daɗe ina kallon ta kafin na ɗauka. Matarsa ce, a naɗe da mayafin ulu, kumatunta sun yi ja, iska tana kaɗa mata gashi, tana haki don hawan tudu. Saƙon muryar ya isa. Tana dariya, tana magana da sauri, ta ɗaga yatsu tana maimaita mini awon sirinji don in ga ta riƙe. Ta juya wayar ta nuna mini su can ƙasa a kwari, baƙaƙe, suna kiwo. Na ɗaga mata babban yatsa. Na ce mata da Hausa, tunda duk ɗaya ne, magani yana hanya, zai iso a kan lokaci in Allah ya so. Ta gyaɗa kai kamar ta ji. Sannan ta kira sunansa, ta karkata kai tana leƙen bayan kafaɗata. Na matsa gefe ban san dalili ba, ta ga bango da labule. Ta sake kiran sunan, a hankali wannan karon, dariyar tana barin fuskarta, ni kuma ina riƙe da wayar ba ni da kalma ɗaya ta yarenta.